Jijiyar da Ta Ƙi Lotsawa

Masu bibiyata, ku yafe mini shirun da na yi muku. Wata a cikinku har ta rubuto tana tambaya ko an ɗaura ne na ɓuya da angona. Ina ma haka ne, 'yar uwa. Ku gyara zama, yau zan ba ku labarin yadda na shiga ɗakin jarrabawa da saurayina a matsayin kayan aiki.

Saboda wadda yau ta fara leƙo mu: ni mai ɗaukar hoto ce a asibiti. Ba hoton biki ba, duk da Gwaggona har yau ba ta yarda ba, don sai da ta aiko in zo in ɗauki na bikin 'yarta. Hoton ƙirji nake ɗauka, da na ƙashin da ya karye. Bayan 'yan shekaru ina wannan aiki, asibitinmu ya turo ni ƙaro karatu a wani babban asibitin koyarwa, nesa da gida sosai, in ƙware a sikanin na jijiyoyin jini. Wato irin na'urar da ake duba masu ciki da ita, amma mu jini muke bi, mu ga inda yake gudu da inda ya tsaya.

Ɗakina yana can saman benen ma'aikata. Gado ɗaya, kujera ɗaya, butar dafa ruwa, kofi ɗaya, faranti ɗaya. Na zo da cokali biyu, ban san me na yi tunani ba. In na buɗe taga, igiyoyin shanyar asibiti nake gani, zannuwan gado farare suna lilo. Maƙwabciyata nas ce, amma ban san fuskarta ba. Silifas ɗinta ja na sani. In na gan shi a bakin ƙofa, na san tana barci. In babu, ta tafi aiki. Wani lokaci har gaishe shi nake yi a raina.

A aji mu bakwai ne, kuma duk wanda ya san lissafi ya san bakwai ba ta rabuwa biyu-biyu. Wannan aikin a jikin juna ake koyonsa, ɗaya ya kwanta ɗaya ya duba. Sauran shidan duk 'yan garin ne, sun san juna tun makaranta, kafin in gama neman wajen aje jaka kowa ya kama abokinsa. Ba mugunta suka yi mini ba. Maman Biyu, wadda ta fi kowa kirki, takan ce, "Ki jira in gama da wannan, sai ki duba ni." Kafin ta gama an kira ta ɗauko yara daga makaranta.

Don haka da yamma, in kowa ya watse, sai in koma ɗakin gwaji in duba kaina. In ɗora ƙafa a kujera, in shafa jel ɗin nan mai sanyi, in murɗe jiki kamar mai cire ƙaya, hannu ɗaya riƙe da kan na'urar, ɗaya yana laluben maɓalli. In na gaji sai in ɗora shi a wuyana in buɗe sauti. Fuu, fuu, fuu. Jinina ne yake wucewa. Kar ku yi mini dariya, akwai ranakun da wannan ce hira mafi tsawo da na yi da wani.

Malamarmu dattijuwa ce, gajera, mai tabarau a kan hanci da farin takalmi da ba ya ƙara. Ba ta faɗa, ba ta yabo. Abu biyu ta dasa mana, kuma sai kun riƙe su za ku gane abin da ya same ni.

Na farko, dannawa. A bayan gwiwa akwai jijiyoyi biyu kwance kusa da juna, a allo suna fitowa kamar idanu biyu baƙaƙe. Ɗaya mai harbawa ce, ita ke kawo jini daga zuciya, tana da tauri, in ka danna ba ta lotsawa. Ɗaya mai mayar da jini ce, laushi gare ta, kana dannawa take rufewa ruf, kana saki ta buɗe. In wannan mai laushin ta ƙi lotsawa, to jini ya daskare a ciki. Gudan nan kuwa in ya ɓalle, huhu yake nufa, kuma yana iya kashe mutum yana tsakiyar magana.

Ni kuwa ga ciwona: sai in sauka a kan mai harbawar, in yi ta danna ta har mutum ya yamutsa fuska, in juyo da rawar jiki in ce, "Malama, ta ƙi lotsawa!"

"Wace ce ta ƙi?" Malama za ta tambaya, ko kallona ba ta yi.

"Jijiyar."

"Kin tambaye ta ko ita wace ce? Buɗe sauti."

In buɗe, sai ka ji tana harbawa fuu-fuu, lafiyarta ƙalau. Aji ya kwashe da dariya. Sau nawa aka yi haka, ni ma na daina ƙirgawa. Har wani ɗan ajinmu mai surutu ya ce in na gama karatun nan, rabin garinmu sai an kwantar da su.

Na biyu, fuska. "Marar lafiya ba allo yake kallo ba," in ji Malama. "Bai san karatunsa ba. Ke yake kallo. Girarki ta motsa, kin kashe shi kafin ciwon. Kin ga alheri, kin ga sharri, fuska ɗaya. In ya tambaya, ki ce likita zai yi masa bayani. Ba ke ce mai faɗa ba." Takan tsaya gabanmu muna dubawa, ba allon take kallo ba, mu take kallo. Wanda ya zare ido, ta ƙwanƙwasa masa biro a tebur.

A wannan kam na fi kowa. Ni da ba ni da abokin gwaji, ina da madubi. Na koyi fuskar aiki har ta zauna mini daram. Matsalar ita ce, na iya saka ta, ban iya cire ta ba.

Wanda ya fara lura shi ne Dogo.

Dogo malamin sakandare ne, labarin ƙasa yake koyarwa, kuma sunan ya bi jiki, don sai ya sunkuya yake shiga ƙofar falonmu. Mun daɗe tare. Shi ya kai ni tasha ranar da zan taho, ya ɗora mini akwati, ya ce, "Mai Hoto, je ki koyo, ina nan." Mutum ne mai barkwanci, wanda in ya kira ki ta bidiyo sai ya fara nuna miki kyanwar maƙwabta kafin fuskarsa. Amma a 'yan watannin nan dariyarsa ta ragu.

"Na ba ki labari mai ban dariya," ya ce wata rana, "kin kalle ni kamar na zo karɓar sakamako."

"Na yi dariya mana."

"A ina? A ciki?"

"Gajiya ce."

"Na ce miki na yi kewarki, kin ce 'to'. Mai Hoto, ko mai shago in na ce masa na yi kewarsa zai fi haka."

Gaskiyar da ban faɗa masa ba, ku zan faɗa muku. Tsoro nake ji. Na san kaina. Ranar da na bari fuskata ta saki a gabansa, na ce masa ɗakin nan yana cinye ni, na ce masa ina gaishe da silifas, to a ranar zan haɗa akwati in bar karatun. Don haka na ɗaure. Ina son sa har ina jin abin a haƙarƙarina, amma in ya kira sai in saka masa fuskar da nake saka wa baƙo.

Gida kuma ba su bar ni na huta ba. Mama takan kira bayan la'asar, lokacin da ta san na fito.

"Mahaifiyarsa ta sake zuwa," ta ce. "Ta zauna nan ta sha shayi, ta ce ɗanta ba zai tsufa yana jiran mai leƙen jijiya ba."

"Mama, saura 'yan watanni fa."

"Haka kika ce bara. Ni ban hana ki karatu ba, Babanku ma bai hana ba. Amma ki ba mutane magana. Yaron nan ya rame."

Yaya kuwa, babbar yayata, ba ta kira, saƙo take turowa a jere kamar ruwan sama. *Ke wai me kike ji da shi ne? Kin san 'yan mata nawa ke kai wa uwarsa gaisuwa? Jiya na ga wata da mayafi ruwan hoda ta fito daga gidan.* Sai hoton mayafin daga baya, wanda ta ɗauka a ɓoye, duk ya yi dishi-dishi. Na zauna a bakin gado na buɗe hoton na ƙara girmansa, na yi ta nazarinsa kamar hoton ƙirji.

Shi Dogo bai taɓa matsa mini da zancen rana ba. Abin da ya rubuto ya fi wannan zafi. *Ni ba rana nake nema ba. In shekara ce zan jira. So nake in san ko ina cikin ranki, don na daina gani.* Na rubuta amsa mai tsawo, na goge. Na sake, na goge. Daga ƙarshe na tura masa: *Kana ciki mana.* Na ga alamar ya karanta.

Ana cikin haka aka sanar da jarrabawar gwaji. Kowa ya zo da mutum mai lafiya wanda za a duba a gaban Malama da wani baƙon malami daga wata jami'a. Wuya, ko daga gwiwa zuwa ƙasa, duk wanda suka zaɓa maka. 'Yan aji ba za su kwanta wa juna ba, don kowa ya haddace jijiyar abokinsa. Nan take aka fara: wannan mijinta, wancan ƙaninsa, Maman Biyu ta ce surukarta ma ta ce tana so a duba ta kyauta. Aka juyo kaina.

"Ke fa?"

"Zan samu," na ce da fuskar aiki.

Na koma ɗaki na tsaya a kan silifas ja na ɗan lokaci, har na ɗaga hannu zan ƙwanƙwasa. Me zan ce? Sannu, ba ki san ni ba, ara mini ƙafarki? Na shige ɗakina. Da Dogo ya kira, zancen ya kuɓuce mini, ban yi niyya ba.

"Zan zo," ya ce.

"Kai! Ka san nisan kuwa? Kwana ake a mota."

"Ni ke koyar da taswira, ni za ki gaya wa nisa? Ƙafa dai ake so ko? Ina da ita har ta yi yawa."

"Ba ka ce ka gurɗe a ƙwallon malamai da ɗalibai ba?"

"Ta warke. Ɗan kumburi ne ya rage." Sai muryarsa ta sauya. "Dama ina so in gan ki ido da ido. Akwai tambayar da waya ba ta iya ɗauka."

Washegari saƙon Yaya ya iso. *Uwarsa ta hana shi, ya ƙi ji. Ta ce a gaya miki, in wani abu ya sami ɗanta a hanyar nan, ke ce.* Na karanta, na kifa wayar, na ci gaba da guga.

Ranar jarrabawa na saka doguwar rigata ruwan toka, na ɗora farar rigar asibiti da na goge har ta yi ƙyalli, na naɗa ƙaramin baƙin mayafi na soke shi da allura don kada ya faɗo kan na'ura. Kwalli kawai na sa. Sai da na kai ƙofa na dawo na ɗan shafa turaren da ya taɓa saya mini, ina yi ina jin haushin kaina.

A bakin ƙofar asibiti na hango shi, kansa ya fi na kowa tsawo. Riga mai ruwan sararin sama duk ta yamutse, jaket a kafaɗa, leda a hannu. Zuciyata ta yi wani tsalle, ƙafafuna suka so su ruga. Na taka a hankali na ce, "Sannu da zuwa. Ya hanya?"

Ya daɗe yana kallona. "Lafiya lau, ma'aikaciya."

Ya miƙo ledar, Mama ce ta aiko da man shafawa da zannuwan gado. Muka nufi ciki, sai na ga yana ɗingishi, kuma ya take bayan takalminsa na hagu kamar silifas.

"Me ya sami ƙafar?"

"Kujerar baya aka ba ni, an cusa buhuna a ƙarƙashi. Gwiwoyina a haɓata suka kwana. Ko ruwa ban sha ba, don direban ba ya tsayawa. Tsami ta yi kawai, za ta saki."

Ku da kuke karantawa a natse, na san wasunku sun riga sun dafe kai. Ni a lokacin kaina yana cike da maɓallai da tsoron baƙon malami. Na ce Allah ya sawwaƙe, na wuce gaba. A kan matakala ya tsaya ya dafa ƙarfe yana haki, ya yi dariya ya ce tsufa ne, gara a yi auren nan da wuri. A bakin ɗakin ya riƙe ni da ido.

"In kin gama zan yi tambayata. Motar yamma zan bi. Duk abin da kika ce, ba zan yi fushi ba, amma daga yau ba zan ƙara tambaya ba."

Na gyaɗa kai. Fuskata ko gezau.

Ɗakin jarrabawar a dushe yake, an ja labule, sanyin na'urar sanyaya ɗaki yana ratsa ƙashi. Malama tana tsaye, baƙon malamin yana zaune da biro. Na yi ta addu'a a ba ni wuya.

"Ƙafar hagu," in ji baƙon. "Bayan gwiwa."

Masu ɗaga gira, ku sauke. Mutum biyu ne a kanmu, da safar hannu a hannuna, kuma wando iya gwiwa ya naɗe. Dogo ya rataye jaket a bayan ƙofa, ya zauna a bakin gadon gwaji ya saki ƙafafu, ya ɗora ta hagun a kan ɗan benci. Ni na zauna a ƙasansa kan gajeriyar kujera, allon yana gefena. Wato duk abin da fuskata za ta yi, a gabansa za ta yi shi.

"Zan shafa maka abu mai sanyi," na ce, yadda aka koya mana.

"Na saba da sanyi daga wajenki," ya ce a hankali. Baƙon ya yi tari don ya ɓoye dariya.

Da na taɓa ƙwaurin na ji shi da ɗumi, kuma a cike tam. Wani abu ya gifta a raina, na kore shi. Na ɗora kan na'urar a bayan gwiwa. Idanun nan biyu suka fito a allo. Na zaɓi wadda nake zaton mai laushin ce, na danna.

Ba ta lotsa ba.

Na sha jinin jikina. Shi ke nan, na sake, na ce a raina. Na sake hawa kan mai harbawar, yau kuma a gaban baƙo, a gaban Dogo da ya kwana a mota saboda ni. Har na ji dariyar 'yan aji a kunnena. Na matsa gefe, na dawo, na gyara riƙo, na ƙara dannawa. Dogo ya ja iska ta haƙora. Tana nan a buɗe, zagaye, ta yi ƙememe.

Biron baƙon ya fara motsi. Sai na ji tambayar Malama a raina kamar ta furta. Kin tambaye ta ko ita wace ce?

Na miƙa hannu na buɗe sauti a kan ta kusa da ita. Fuu, fuu, fuu. Ga mai harbawar can, tana aikinta. To wannan da nake dannawa fa? Na matsar da alamar kanta.

Shiru.

Na ƙara murya har ƙarshe. Shiru, sai hucin na'ura. Na kunna launi, ta kusa da ita ta cika da ja tana walƙiya, ita kuwa ko ɗigo. Na duba da kyau, cikinta ba baƙi ba ne wuluk yadda ya kamata, akwai wani abu toka-toka kwance a ciki, ya cika ta, ya miƙe sama har inda allon ya ƙare.

Ban yi kuskure ba. Karo na farko tun zuwana garin nan ban yi kuskure ba, kuma da zan iya sayen kuskuren da duk abin da na mallaka, da na saya. Buhuna a ƙarƙashin kujera. Gurɗewar da ba ta gama warkewa ba. Hakin kan matakala. Kuma ni, da hannuna, na danna gudan jinin har sau biyu.

Na ɗage kan na'urar a hankali kamar mai ɗauke hannu daga kan ƙwai.

"Mai Hoto," Dogo ya ce. "Me kika gani?"

Na san amsar. Na faɗe ta ga mutane da yawa ba tare da ƙifta ido ba. Na ɗago, na nemo fuskar aiki, na buɗe baki.

"Likita zai yi maka..."

Iyakar inda na kai ke nan. Leɓena ya kama rawa, haɓata ta biyo, sai kawai komai ya rushe. Hawaye suka ɓalle har suna ɗiga a kan safar hannuna. Ya yunƙura zai sauko, na riƙe gwiwarsa ta dama da hannu biyu, jel da komai.

"Kar ka tashi! Don girman Allah kar ka motsa ƙafar nan. Ka zauna. Ka zauna mini, Dogo, ni ba ni da kowa, ka ji? Wallahi ba ni da kowa sai kai, ka zauna!"

Malama ta karɓi kan na'urar daga cinyata, ta ɗora sau ɗaya, ta kalli allo, ta ajiye. Fuskarta kamar an share. "Malam, ka zauna yadda kake. Za mu kira likita." Ta juya ga baƙon. "A kawo keken marasa lafiya." Mutumin ya ajiye biro ya fita da sauri.

Dogo bai kalli allon ba ko sau ɗaya. Ni yake kallo, ina durƙushe ina jan hanci, kwalli ya zubo mini har kumatu, mayafi ya karkace. Sai na ga yana murmushi, irin wanda na daɗe ban gani ba.

"Ashe kina nan," ya ce.

"Ka yi shiru, kar ka yi magana da yawa."

"Na fasa tambayar."

Likita ya shigo da nas biyu. Ya duba allo, ya tambaye shi ko yana jin ciwon ƙirji ko haki. Dogo ya ce tun da ya sauko daga mota numfashinsa bai cika ba, kuma in ya ja sosai yana ɗan sukarsa a nan, ya nuna gefen ƙirji. Na ga likita da Malama sun haɗa ido. Su biyun fuskarsu ba ta ce komai ba, ni kuwa na san ma'anar irin wannan shirun. Aka ɗaga shi cak aka sa a keke, aka ce a yi sauri, hoton ƙirji tukun sannan allura. Na bi su har ƙofa.

"Ke tsaya," in ji Malama. "A wannan halin ba ki da amfani a can. Wanke fuskarki, ki goge na'ura. In sun kwantar da shi zan aiko."

"Malama, jarrabawar..."

"Jijiya kin same ta daidai. Da kin yi shakka kin wuce, da yamma yana cikin mota." Ta gyara tabarau. "Fuskar kuwa, za mu yi magana."

Ta fita, takalminta bai yi ƙara ba. Ƙarar keken ta yi nisa a baranda har ta ɓace.

Na rage ni kaɗai a ɗakin da na saba zama ni kaɗai. Hoton jijiyarsa yana nan a daskare a allo. Na goge kan na'urar, na naɗe wayarta, na cire takardar gadon da ya zauna a kai. A ƙarƙashin benci na ga takalminsa na hagu, wanda ya take wa baya, sun tafi da shi da ƙafa ɗaya. Na ɗauka na rungume, ban damu da ƙurar tasha da ke jikinsa ba.

Sai na ji waya tana ruri. Ba tawa ba ce. Daga aljihun jaket ɗin da ke bayan ƙofa take. Na ciro. A fuskarta an rubuta *Mamana*, da hoton dattijuwar tana dariya, dariyar da ni ba ta taɓa yi mini ba. Ta katse. Ta sake kira.

Na tsaya gaban gilashin taga ina neman fuskar nan da na yi watanni ina gini, ko muryarta ce in ara. Babu ita. Idanu jajaye kawai na gani, da mace riƙe da takalmi ɗaya.

Na danna, na kai kunne.

"Ɗan nan, ka sauka ba ka kira ni ba? Tun safe gabana ke faɗuwa."

"Mama," na ce, "ina wuni. Ni ce."

Na ji numfashinta.

"Ke ce," ta ce. "Ina ɗana?"